Ruwan Lahadi

Talatu, Bulus, da ke Hannatu auta, kun girma kuna jin ana cewa ubanku ya sayar da Lahadi. Ba a gabanku ake faɗa ba, a bayan coci ake faɗa, inda mata ke gyara goyo bayan an tashi sujada, amma na san maganar ta shiga kunnenku tun kuna ƙanana. Ke Talatu kin taɓa dawowa gida kina kuka, kika tambaye ni nawa aka ba ni, na daka miki tsawa na kore ki. Ban kyauta ba. Shekara da shekaru na yi shiru, domin na gaji da bayani tun kafin in fara shi. Yanzu ga Bulus ya zo mini da zancen neman kujerar kansila, wai dattawan ikilisiya ne suka ce ya fito, a samu namu a ciki. To, kafin ya shiga, bari in faɗa muku abin da ya faru a shekarar da ni ma aka ce ni ne namu a ciki.

Sai na fara da Yaya Ishaya, don in ba ku san shi ba, ba za ku gane nauyin abin ba. Ba uwarmu ɗaya ba, ba ubanmu ɗaya ba. Ubansa da nawa aikin jirgin ƙasa ne ya kawo su Malam Madori, suka zauna gida ɗaya. Da ubana ya rasu ina ɗan yaro, Yaya Ishaya ne ya riƙe ni. Shi ya koya mini karatu da gawayi a jikin bango, shi ya tura ni makarantar aikin gona, shi ya tsaya mini a matsayin uba ranar da na auri uwarku Rahila. Mutum ne dogo, marar yawan dariya, kuma ban taɓa ganin wanda ya riƙe ranar Lahadi kamarsa ba. Ko igiyar akuya ce ta tsinke ran Lahadi, sai dai akuyar ta yi yawonta har Litinin. Muna yi masa tsiya a kan haka, yana jinmu, ba ya kulawa.

A lokacin da nake ba ku labari ni malamin gona ne a fadamar da ke wajen Auyo, inda ake noman shinkafa da rani. Hanyar ruwa ɗaya ce ta taso daga kogi, da ƙofar ƙarfe a bakinta, gonaki kuma an jera su layi bakwai, kowane layi da ranarsa ta shan ruwa. Layi na farko na bakin ƙofa, na manya ne. Na bakwai yana can ƙarshe, inda ruwa ke isa a gajiye, bayan ya ratsa ciyawar kacalla da ɓarakar kowa. Ranar layi na bakwai Lahadi ce, kuma ba don a cuci Kirista aka yi haka ba. Lahadi ranar kasuwa ce, duk mai ƙarfi yana so ya kai kayansa Haɗeja, babu mai son tsayawa ban ruwa, sai aka jefa wa marasa baki. Su wa ke layi na bakwai? Zawarawa, tsofaffi, da baƙin da suka zo a makare. Cikinsu akwai gidajen Kirista 'yan kaɗan, har da gonar Yaya Ishaya. Sauran duk Musulmi ne, irin su Inna Hansatu, wata tsohuwa da ke riƙe da jikoki marayu da 'yan fangulan shinkafarta.

Rigimar ruwa ta yi yawa a shekarun nan, har aka fasa wa wani kai da fartanya. Sai ƙaramar hukuma ta kafa kwamiti ya rubuta dokar rabon ruwa, a daina tafiya da ka. Aka sa ni a ciki saboda ni na san hanyar ruwan nan tun daga ƙofa har wutsiya. Ni kaɗai ne Kirista. Ranar da labarin ya fito, kai, sai ka ce sarauta aka ba ni. Mata suka yi guɗa a coci. Rahila ta ɗaura sabon ɗankwali. Da yamma dattawa suka zo gida, Yaya Ishaya a gaba, aka shimfiɗa musu tabarma a ƙarƙashin darbejiyar nan da kuka sani.

"Yohanna," in ji shi, "Allah ne ya kai ka wurin nan, ba iyawarka ba. Abu ɗaya muke so. A rubuta a doka cewa ran Lahadi a rufe ƙofar ruwa. Mun gaji da zaɓa tsakanin sujada da shinkafa."

Na ce, "Yaya, in aka rufe, layi na bakwai yaushe zai sha?"

"A haɗa mu da na shida ran Asabar."

"Ruwan Asabar ba ya isar na shida kansu. Kafin ya zo wurinku rana ta faɗi."

Ya dube ni irin duban da yake yi mini ina yaro in na karanta harafi a karkace.

"Wanda ya ba da dokar hutu ya san shinkafa tana shan ruwa. Kai dai ka yi naka."

Na ce to. Allah ya sani, da niyyar yi na ce to. Ina tsammanin ma 'yan kwamiti za su ƙi, in dawo in ce na yi iya ƙoƙarina, a yi ta yi musu Allah ya isa, ni in tsira da mutuncina. Wannan ita ce dabarar da na tafi da ita, kuma ba na alfahari da ita.

Ashe ba haka za a yi ba. Da na kawo maganar, ciyaman ɗin kwamitin, wani mai gona a layi na farko, sai fuskarsa ta washe kamar an yi masa albishir.

"Malam Yohanna, ai wannan ba abin jayayya ba ne. 'Yan'uwanmu ne ku. Sakatare, rubuta: an rufe ƙofa ran Lahadi don girmama Kirista."

Na dubi fuskokin da ke zagaye da teburin, duk masu gonakin sama, kowa yana gyaɗa kai. Sai na gane. In aka rufe ƙofa yini guda, ruwa ya taru a baki, Litinin ya kwararo da ƙarfi a layi na farko. Ga shi sun je kasuwarsu hankali kwance, babu fargabar wani ya ɓalle musu kunyar gona a bayan idonsu. Layi na bakwai kuwa ya bushe, kuma a takardar hukuma an rubuta sunan waɗanda suka jawo. Gobe in shinkafar Inna Hansatu ta ƙone, ba ciyaman za ta tuna ba, mu za ta tuna, da sunan Almasihun da muke kira. Na ji zuciyata ta yi baƙi, ba da su kaɗai ba, har da kaina da na kawo musu kyautar a faranti.

Akwai wani dattijon malami a kwamitin, Goni Bukar, mutumin wajen Birniwa, wanda bai cika magana ba. Shi ya lura da ni.

"Malam Yohanna, na ga an ba ka abin da ka roƙa, ka kuma ɓata rai. Addininku bai hana aiki ran Lahadi ba ne?"

Na ce, "Allah gafarta Malam, ni ya hana. Bai ce in hana Inna Hansatu ruwa ba."

Maganar ta fito ne kafin in auna ta. Da ta fito kuma na san babu komawa. Na ce na janye roƙona. Na ce in adalci ake so, a riƙa juya ranar Lahadi, wannan makon layi na farko, na gaba na biyu, kowa ya ɗanɗana. Ina! Nan fa fara'a ta ƙare. Ciyaman ya sha mur, ya ce ba a zo nan don a rushe tsarin da aka gada ba. Muka yi zama uku muna ja. Goni Bukar ya tsaya tare da ni, mu biyu kawai, aka kayar da mu. Abin da muka iya tsirarwa shi ne sharuɗɗa biyu a takarda: ƙofa za ta kasance a buɗe kwana bakwai, kuma wanda ba zai iya ban ruwa a ranarsa ba yana iya wakilta wani. Shi ke nan abin da na kawo gida. Rufewar da aka aike ni in karɓo, an miƙo mini ita, na ture da hannuna.

Kafin in iso gida labari ya riga ni. Ciyaman da kansa ya baza shi, cewa sun ba Kirista Lahadinsu, nasu ne ya ƙi. Kuma gaskiya ya faɗa, wannan ne abin takaicin. Rahila tana tankaɗe na shigo, ba ta ɗago ba.

"Baban Talatu, da gaske ne?"

"Da gaske ne."

"To ni da wane ido zan shiga zumuntar matan coci?"

Na yi mata bayanin ruwa, na zana layi bakwai a ƙasa da tsinke. Ta duba ta ce ta gane, amma ganewarta ba za ta hana a yi da ita ba. Haka kuwa aka yi. Dattawa suka kira ni, na sake zana layukan nan a gabansu. Wani ya ce ba lissafi aka aike ni ba. Wani ya ce wanda ya ji kunyar ranar Ubangiji a gaban hukuma, ya ji kunyar Ubangijin ne. Na hasala na ce doka ta kowa ce, ba sandar da zan kora mutane hutu da ita ba ce, in mutum yana son ya yi asara domin bangaskiyarsa, ya yi da gonarsa, kada ya yi da ta makwabciyarsa. Na faɗa da zafi, har da buga benci. Yaya Ishaya bai ce uffan ba har aka tashi. Aka sauke ni daga kujerar dattijon ikilisiya da nake kai a lokacin.

Rani ya shiga, aka yi dashe. Sauran Kiristan layi na bakwai kowa ya nemi mafita, wasu suka wakilta makwabta Musulmi, su kuma su rama musu ran Juma'a da wani aikin. Yaya Ishaya ya ce shi ba zai yi ba. Abin da bai halatta ya yi da hannunsa ba, ba zai sa wani ya yi masa ba. Lahadi biyu gonarsa ba ta sha ruwa ba. Na bi ta wajen ran Talata a bakin aikina, na ga ƙasa ta tsattsage, ganyen shinkafa ya nannaɗe kamar tsinken tsintsiya. Gonar nan ita ce abincin gidansa na shekara, ga matarsa ba lafiya. Na tsaya a kan kunya na yi ta kallo. Dokar da na tsaya a kanta ta ceci gonar kowa a layin nan ban da ta mutumin da ya rene ni.

Lahadin da ta biyo, na sa rigar sujada, na raka ku har kwanar coci, na ce wa uwarku ku shiga. Na hau babur na nufi fadama. Na tuɓe rigar na rataye a kan kara, na ari fartanyar Inna Hansatu, na ɓalle bakin fangalin Yaya Ishaya, na tsaya har ya sha ya ƙoshi, na toshe, na share sawuna. Haka na riƙa yi kowace Lahadi har shinkafa ta yi ciki. Kun tuna ranin da kujerata ta zauna babu kowa a coci, aka ce na fara ja da baya, har wasu suka ce an gan ni a masallaci? To, can nake, cikin taɓo har gwiwa. A cocinmu Rahila kaɗai ta sani. Ni da na tsaya a gaban dattawa na ce kowa ya ɗauki nauyin bangaskiyarsa da kansa, ga ni ina karya tawa Lahadin don wani ya riƙe tasa. Ban ce muku akwai hikima a ciki ba. Ba zan iya kallon gonar tana mutuwa ba ne kawai.

Abin da ban yi tunani ba shi ne yadda shi zai fassara abin. Kowace Litinin ya je ya tarar da gona a jiƙe. Bai tambayi kowa ba. Wata Lahadi na dawo na tarar da Rahila zaune a bakin gado da kayan sujada a jikinta, idonta ja.

"Yau Yaya ya ba da shaida," in ji ta. "Ya tsaya a gaban jama'a ya ce bai taɓa ruwa ran Lahadi ba, bai aiki kowa ba, amma Allah yana shayar da gonarsa. Aka yi ta tafi. Har da kuka ya yi, Baban Talatu. Ni ina zaune ina kallo, na rasa inda zan sa kaina."

Wayyo Allah. Da a ranar na je na faɗa masa, da ya fi. Na ce gobe, na ce jibi, tsoro ya hana ni. Inna Hansatu ce ta fasa, kuma ba da mugun nufi ba. Ta gamu da shi a kan kunya ta ce Allah ya yi wa ƙanensa albarka, duk Lahadi sai ya zo ya ari fartanyarta. Da rana tsaka ya iso gidanmu, ƙafarsa duk taɓo. Bai yi sallama ba, mutumin da ko ɗakin matarsa ba ya shiga sai da sallama. Kuna tsakar gida, uwarku ta kwashe ku ta yi ɗaki da ku.

"Yohanna, kai ne?"

"Ni ne, Yaya."

"Ka hana ni Lahadi a doka, na yi shiru. Ban ce maka komai ba. Shi ne ka biyo ni har gonata ka mai da ni maƙaryaci a gaban Allah da jama'arsa?"

Na durƙusa. Na ce ban nufi haka ba, yunwa nake jiye wa gidansa.

"Wa ya ce maka ban shirya wa yunwar ba? Tawa ce. Ita ce kaɗai abin da nake da shi da zan ba Allah, ka ƙwace."

Ya juya ya fita. Lahadin da ta zo ya miƙe a coci ya ce ya janye shaidarsa, ruwan na mutum ne, a gafarta masa. Bai ambaci sunana ba, don haka har yau mutanen coci ba su san ko wane ne ba. Da shinkafa ta nuna, ya kira Inna Hansatu da sauran zawarawan layin ya ce su girbe su raba, ƙwaya ɗaya ba za ta shiga gidansa ba. Damina ta sami gidansa a wahala ƙwarai. Na aika da buhu, aka dawo mini da shi a kan babur ɗin da ya kai. Bai sake noma a fadamar nan ba.

Na yi shekaru ina juya abin a raina, kuma ga inda na tsaya, ku riƙe ko ku bari. A kan dokar, har gobe in aka mai da ni teburin nan haka zan yi. Bangaskiyata ce ta sa na ga Inna Hansatu a lokacin da duk teburin ba wanda ya gan ta, kuma ina ganin aikin bangaskiya a gidan hukuma ke nan, ta buɗe maka ido, ba ta miƙa maka sandar dukan wanda ba naka ba. Amma a kan gonar, ni na yi laifi. Abin da na hana dattawa su yi wa Musulmin layi na bakwai, shi na je na yi wa Yaya Ishaya: na yanke masa hukunci a kan abin da ke tsakaninsa da Allahnsa, ban tambaye shi ba. Bulus, in ka samu kujerar nan, masu yi maka guɗa yau za su zo da tabarmarsu da roƙonsu, kuma mutanen kirki ne, kada ka raina su. Kafin ka ce musu to, ka taka da ƙafarka ka je ka ga wanda ke ƙarshen layi. Ba ni da wata dabara da ta wuce wannan, ita ma kun ga abin da ta jawo mini. Dokar tana nan a takarda, an ce mini. Kacalla ce ta cinye hanyar ruwan yanzu, layi na bakwai ba ya samu ko ran Lahadi ko wace rana.

Ni da Yaya Ishaya mun yi shekaru muna gaisawa a ƙofar coci kamar baƙi, ina kwana, lafiya lau, kowa ya wuce. Da ciwon ajali ya kwantar da shi na riƙa zuwa in zauna a zaure, ba a ce in shiga ba, ba a kuma kore ni ba. Wata Lahadi da hantsi, duk mutanen gidan sun tafi sujada, aka bar ni a zauren. Sai na ji yana tari a ɗaki, yana kiran a ba shi ruwa. Na jira ko wani zai fito, babu kowa. Na tashi na ɗebo a randa, na shiga, na tallafo kansa. Ya rame har na ji ƙashin wuyansa a tafina. Ya buɗe ido ya daɗe yana kallona, sannan ya dubi kofin.

"Yau ma kai ne?"

"Ni ne, Yaya. In ba ka so in mayar."

Ya kama hannuna da nasa biyun, ya jawo kofin zuwa bakinsa, ya shanye tas.